Yadda zaka wanke bindigar ɗuri ka adana ta tsatsa bata cinye ta ba

Abu na farko da nake so ya zauna a kan duk mai bindigar da ake ɗura mata albarushi ta baki shine, ranar da kayi harbi da ita ranar zaka wanke ta, ba gobe ba, ba sai ka huta ba, ko da harbi ɗaya tak kayi. Kuma da ruwa ake wanke ta. Nasan wannan maganar tana yiwa mutane da yawa banbarakwai musamman wanda ya saba da bindigar zamani, da yaji ance ruwa sai hankalinsa ya tashi don yasan ruwa da ƙarfe basa ga maciji, sai ya ɗauko mai ya ɗura mata ya jingine yana ganin ya gama, bayan sati biyu ya leƙa bututun yaga yayi ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa. Na sha ganin bindiga mai kyau da aka kashe ta haka kuma wallahi abin yana min ciwo, don ba harbi ne ya kashe ta ba.

Ga dalilin. Baƙin albarushi haɗin abu uku ne, gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake kira fotasiyam naitiret, kuma idan ya kama da wuta fiye da rabinsa baya zama iska ya tafi, daskararren abu yake zama, wani ya fita cikin farin hayaƙin nan wani kuma ya manne a bangon bututu. Wannan baƙar tokar cike take da gishiri iri-iri na fotasiyam, shine kake jin warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ruwa ya taɓa ta, warin farar wutar ne. Halinta shine jan danshi daga iska, ko a ɗaki mai kyau ka ajiye bindigar zata jawo laima ta riƙe a jikin ƙarfe, a wuri mai danshi cikin dare ɗaya tsatsa ta fara. To gishiri baya narkewa a mai, ka zuba gishiri a cokalin mai ka gani zai zauna a ƙasa yana kallonka, amma ka zuba a ruwa nan take ya ɓace. Shi yasa mai kaɗai baya wanke wannan bindigar, lulluɓe gishirin kawai yake yi, in ma man injin ne sai ya haɗu da tokar ya zama wani abu mai danƙo kamar kwalta wanda fitar da shi sai an sha wahala.

Kar kuma wani yace ai shi ba baƙin albarushi yake amfani da shi ba, na zamani yake sawa. Akwai madadin baƙin albarushi iri-iri da kamfanoni ke haɗawa. Pyrodex da kamfanin Hodgdon na Amurka ya fitar shima yana cin ƙarfe, ni a ganina ma yafi yaudara saboda tokarsa bata kai ta baƙin yawa ba sai mutum ya ɗauka bututun lafiya lau yake. Triple Seven shima da ruwa ake wanke shi, kuma yana da halin barin wani tauri kamar zobe can ƙasa daidai inda harsashi ke zama. Blackhorn 209 ne ya fita daban, shi ba da ruwa ake wanke shi ba sai da irin maganin wanke bindigar zamani, don haka ka karanta jikin gwangwanin abinda kake ɗurawa. Albarushin harsashin zamani kuwa, wanda baya hayaƙi, kar ka kuskura ya shiga wannan bindigar ko kaɗan, ƙarfinsa ya wuce abinda aka ƙera bututun ya ɗauka, fashewa take yi a hannun mutum.

Kafin ka taɓa komai ka tabbatar babu ɗuri a ciki. Wannan bindigar ba kamar ta zamani bace da zaka buɗe ka leƙa, sai dai ka auna. Ka fara cire hular da ke kan nono (nono shine ɗan ƙarfe mai rami a gindin bututu, hula kuma ɗan abin da ake kifa masa ya fashe ya tada wuta), ko ka zubar da albarushin da ke ɗan kaskon gefe in mai ƙyastu ce, wato wadda dutse ke kartar ƙarfe ya bada tartsatsi, ka juya bakin inda ba mutum, sannan ka zura sandar ɗuri har ta tsaya ka riƙe daidai bakin bututu da yatsa ka zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututun ta waje. In ƙarshenta ya kai daidai nono ko ramin wuta to babu komai, in ya rage inci ɗaya ko biyu to ka ɗauka akwai abu a ciki. Abinda yafi sauƙi shine tun ranar da ka tabbatar wayam take kayi wa sandar alama da wuƙa a daidai baki, ka sake yin wata alamar sanda take da ɗurinka na kullum, shikenan duk sanda ka zura sandar zata gaya maka gaskiya. Sautin ma yana faɗa, a bututun da ba komai sandar mai kan tagulla ƙara take yi tana ɗan tsalle, in akwai dalma kuwa sai kaji dum. Kuma duk wannan awon kar ka ɗora fuskarka ko tafin hannunka saitin bakin.

In ka samu da ɗuri, hanya mafi kyau kaje wurin da ya halatta ka harba. In bazai yiwu ba akwai ɗan gwangwanin iskar kabon da ake dannawa a kan nono ya turo ɗurin gaba ɗaya ya fito ta baki, shima sai ka saita bakin inda ba kowa don da ƙarfi yake fitowa. In babu shi sai kan sukuru da ake ɗaurawa a sanda a murɗa cikin dalmar a jawo, amma kafin nan ka cire nonon ka jiƙa albarushin da ruwa sosai ka bashi kamar rabin awa ya sha ya mutu tukunna.

Kayan aikin ba yawa garesu ba. Sandar wanki mai ƙarfi daban da sandar katakon da ke jikin bindigar, don ta katakon tana karyewa in tsumma ya cije kuma in ta karye tsini take yi ta shige tafin hannu. Kan goga na tagulla mai gaɓa-gaɓa daidai faɗin bututunka, in .50 ce wato rabin inci to na .50 zaka nema, in .45 ce ko .54 haka, sai ƙugiya mai murɗe ta zaro tsumman da ya faɗa ciki, da makankari mai faffaɗan baki na kankare ƙasan bututu, sifanar nono, siririyar waya ta sakace ramin wuta, tsohon burushin haƙori, sukudireba wadda bakinta ya cika ramin sukurun daidai don kar ta ɓata kan, bokiti, sabulun wanke kwanuka, sifirit, mai da ɗan giris. Tsumma kuma na auduga zalla mai laushi ka yayyanka shi da yawa tun kafin ka fara, yadin roba baya shan ruwa sai dai ya riƙa tura dattin gaba da baya. Akwai wani ɗan abu kamar mazurari da ake sawa a bakin bututu sandar ta bi ta cikinsa, mutane suna raina shi amma yana da amfani sosai, don gefen bakin nan shine wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya tafi, in sanda ta riƙa gogarsa ta ɓangare ɗaya shekara da shekaru sai ya ci, daga nan saiti ya lalace kai kuma kana ta zargin albarushi.

Bari in fara da wadda tafi sauƙi, irin mai gajeren katako da ake kira samfurin Hawken, sunan wasu ’yan uwa biyu ne maƙeran bindiga a garin St. Louis na Amurka a ƙarni na 19. Irin wannan gindin bututunta ƙugiya gareshi, ka ja kunamar, wato ƙarfen da ke dukan hula, sama zuwa rabi, ka zare sandar ɗuri, ka tura ɗan faffaɗan ƙarfen da ya ratsa katakon ya fita, sai ka ɗaga bututun ta baki ya zame a hannunka. Ka kula da ta wane gefe ƙarfen ya fito da kuma wane ɓangare ne sama don haka zaka mayar. Ka kwance nonon ka jefa shi a ɗan kofi da ruwan sabulu ya jiƙa. Ka zuba ruwa a bokiti da ɗigon sabulu biyu ko uku, ba yawa ba, ka tsoma gindin bututun har ramin nonon ya nutse, ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan gogar ka zura har ƙasa sannan ka jawo a hankali. Zakaji yana tsotso ruwa kamar famfo, ruwan ya biyo tsumman har sama, ka tura ƙasa ya fita ta ramin nono da ƙarfi baƙi ƙirin. Kayi ta yi kamar sau ashirin, ka zubar ka sake sabon ruwa da sabon tsumma, haka haka har ruwan ya riƙa fita fari, na ƙarshe kuma ruwa zalla ba sabulu don ɗauraya.

Maganar zafin ruwa an daɗe ana jayayya a kai. Masu tafasasshe suna cewa yana ɗumama ƙarfen ya bushe da kansa kuma gaskiya ne, amma yana da wata illa, da ka zubar da ruwan kafin ka ɗauko busasshen tsumma wata siririyar tsatsa ja ta riga ta hau, zakaga tsumman farko ya fito ruwan ƙasa. Ni ruwa mai ɗumi nake amfani da shi, wanda hannu zai iya zama a ciki, gishirin yana narkewa sarai ko a ruwan sanyi ma. Abinda yafi zafin ruwan muhimmanci shine saurin busarwa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu, don nan ne bindigogi da yawa suke mutuwa mai su bai sani ba. Can ƙasan bututun, yawancin masu hula suna da wani ɗan ɗaki wanda yafi bututun ƙunci, albarushi yana gangarawa ciki daga nan wata ’yar hanya ta lanƙwasa zuwa nono. Kan gogarka na .50 baya shiga wannan ɗakin, a bakinsa yake tsayawa, don haka zaka iya goge bututun yayi ƙyalli tsumma ya fito fari tas alhali ɗakin cike yake da toka da ruwa. Wata bindigata ta taɓa ƙin tashi sau uku a jere hula tana fashewa amma shiru, da na bincika sai na tarar ɗakin nan ya toshe da wani abu mai tauri kamar siminti, tun daga ranar ban sake tsallake shi ba. Ka samu ƙaramin burushi, irin na bindiga mai siririn baki, ka naɗe shi da tsumma ka zura har ya shiga ɗakin ka murɗa, ka murɗa ta hannun dama kullum don kar kan ya kwance ya zauna a ciki. In ƙasan bututunka a shafe yake ba ɗaki to makankarin nan zaka sa ka juya shi sau uku huɗu ka kifa bututun ka ga abinda zai zubo. Hanyar nonon kuma ka bi ta da waya mai gashi irin ta goge lofe ko tsinke da auduga.

Burushin tagulla babba daidai bututu, ni bana son shi a bindigar da gindinta baya buɗewa. Gashinsa yana kwantawa baya sanda kake turawa, da ya kai ƙasa ka tashi jawowa sai ya turje yaƙi juyawa. In dole sai kayi amfani da shi ka murɗa sandar dama kana ja a hankali har gashin ya juya. Tsumma in ya cije kar ka fizga, ka zuba ruwa kaɗan ta baki ka jira minti biyu ya jiƙa zai saki.

Busarwa. Ka kifa bututun ya tsiyaye, ka bi shi da busassun tsumma ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya fito a bushe ƙayau ba ɗigon sanyi a jikinsa, ka taɓa shi a bayan hannunka kaji. Sannan ka zuba sifirit kamar cokali ɗaya ta baki ka karkata ya fita ta ramin nono, shi sifirit yana kwashe ragowar ruwan da ya maƙale a lungu kuma ya bushe da wuri, sai dai ka nisanta shi da wuta kuma kar ya zuba a katako don yana cin fenti. In kana da na’urar busar da gashi ko famfon iska ka hura ta baki na ɗan lokaci. Sai mai. Tsumma mai ɗan mai ba mai ɗiga ba, ka bi bututun sau uku huɗu, ɗakin ƙasa ma a shafa masa da ƙaramin burushin, wajen bututun ma duka har ƙasansa da ke kwanciya cikin katako don nan ma tsatsa na son ɓuya. Mutane da yawa suna son Ballistol, wani mai ne da aka haɗa a Jamus tun 1904, abinda yasa ake son shi yana gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara, in ruwan ya bushe man ya zauna a ƙarfe, har wasu da wannan haɗin suke wankin gaba ɗaya. Amma duk man bindiga mai hana tsatsa zai yi aiki in dai zaka goge shi tas kafin ɗuri na gaba. Man girki kar ka sa, daɗewa yake yi yayi danƙo.

Nonon da ka jiƙa ka goge shi da burushin haƙori, ka sakace ramin da waya, ka ɗaga shi saitin haske sai kaga haske ya ratsa. Ka busar, ka shafa giris ɗan mitsitsi a zaren kawai banda ramin, ka fara ɗaura shi da yatsu sai ya shiga lafiya sannan ka ƙarasa da sifana, ka matse daidai ba da ƙarfin tsiya ba. Nono abu ne mai ƙarewa, wuta tana cin ramin yana faɗi a hankali, alamar shine kaga bayan harbi kunama ta dawo baya da kanta zuwa rabi ko hula tana tarwatsewa fiye da da. Ka canza shi, kuma ka tabbatar zaren sabon irin na tsohon ne don akwai na awon inci akwai na milimita, suna kama da juna a ido amma in ka tilasta wanda ba nasa ba ka ɓata zaren bututun kuma wata rana zai iya fita kamar harsashi ya nufo fuskarka.

Doguwar bindiga mai katako har baki wadda aka kafe bututunta da ƙananan ƙusoshi, ita ba a cire mata bututu duk wanki, katakon siriri ne yana tsagewa kuma ramukan ƙusoshin suna faɗi. Sai ka cire makunnin gefe, wato farantin ƙarfen da ke ɗauke da kunama, gaba ɗaya, ka toshe ramin wuta da tsinken sakace, ka zuba ruwa ta baki kamar rabi, ka toshe bakin da yatsa ka jijjiga ka bar shi minti biyar ka zubar, ka maimaita har ya fita fari sannan ka bi da tsumma. Ko ka samu siririn tiyo da ake maƙalawa a nono ko ramin wuta ɗaya bakin a cikin kwalbar ruwa kayi famfon nan kamar na bokiti. Ka kwantar da ita ramin wutar yana kallon ƙasa ka sa tsumma a wurin, don baƙin ruwan nan in ya bi katako tabonsa baya fita kuma in ya shige ƙarƙashin bututu nan zai kwana.

In mai ƙyastu ce akwai wurare uku da mai baya zuwa ko kaɗan, dutsen da fuskar ƙarfen da yake kartawa da cikin kaskon. Ka wanke su da ruwa ka goge da sifirit ka barsu a bushe, ɗigon mai ɗaya a fuskar ƙarfen ya isa ya hana tartsatsi. Ka duba dutsen ko ya dakushe ko yana motsi a cikin fatar da ta riƙe shi. Shi makunnin kansa, na mai ƙyastu ko na mai hula, ka juya bayansa ka gani, hayaƙi yana shiga nan ma. Burushin haƙori da ruwan ɗumi, a busar sosai, ɗigon mai a inda ƙarfe ke juyawa, ɗan giris a inda babban sifirin ke gogawa. Kar ka kwance sifirin ɗin in baka da abin matse shi. Cikin kan kunama inda yake dukan hula ma ɓaraguzan hula suna taruwa a wurin, ka sakace su. Da ka mayar ka gwada tsayuwar rabi, ka ja kunama zuwa rabi ka danna maɗanar, bai kamata ta faɗi ba, in ta faɗi kar ka sake ɗura wannan bindigar sai mai gyara ya gani. Kuma kar ka riƙa sakin kunama a kan nono ba hula, kan nonon yake baje wa har hula ta daina zama.

Sai na zamani masu makunni a bayan bututu kai tsaye, waɗanda suka yaɗu bayan Tony Knight ya fitar da MK-85 a 1985, yawancinsu yanzu da wata irin hula da ake kira firaima 209 suke tashi. Su gindinsu toshiya ce mai zare da ake kwancewa, don haka wankin yafi sauƙi, ka cire toshiyar ka jiƙa ta, ka goge bututun daga baya zuwa gaba kana ganin haske ta ciki, nan burushin tagulla ba matsala tunda zai fita ta ɗaya bakin, kuma kana buƙatarsa don robar da ke riƙe harsashi tana barin saura wanda ruwa baya ɗauka a cikin layukan da aka tsaga a cikin bututu. Aikin yana wurin toshiyar. Hanyar wutar da ke cikinta tana tara baƙin gawayi mai tauri daga firaima, sai ka sa bakin abin huda ƙarfe daidai faɗin hanyar ka murɗa da yatsu, da yatsu nace ba da inji ba, ɗan ƙaramin ramin ƙarshe kuma waya kawai kar ka faɗaɗa shi. Zaren cikin bututu a goge shi tas, zaren toshiyar a shafa masa giris mai jure zafi kafin a mayar sai in littafin bindigarka yace kar a sa. Toshiyar da aka ɗaura a bushe aka yi harbi da ita aka barta wata guda, kwance ta sai mai gyara.

Katako baya son komai da yawa. Ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi musamman kusa da nono inda wuta ke lasa, ka busar, lokaci lokaci ka shafa masa man katako irin na ’ya’yan linsid ɗan kaɗan da tafin hannu ka goge ragowar. Tsumman da ya sha wannan man kar ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi a ruwa. Man bindiga kuma kar ya riƙa shiga katako, laushi yake sa shi yayi baƙi, shi yasa bayan wanki nake jingine ta baki ƙasa a kan tsumma kwana ɗaya ko biyu, man da yayi yawa ya gangaro waje maimakon ya taru a ɗakin albarushi ko ya tsiyaya cikin ƙota. In ka gama ka wanke hannunka da sabulu kafin ka ci wani abu don ka taɓa dalma.

Wanki baya ƙarewa ranar da aka yi shi. Washegari ka zura busasshen tsumma fari ka duba, bayan kwana uku ka sake, in ya fito da ja ko ruwan ƙasa to akwai gishiri ko ruwa da ya rage, ka sake wankewa daga farko kar kace mai zai rufe. In ya fito da kalar mai kawai sai ka sake shafa sabo ka ajiye, daga nan duk wata ɗaya ko biyu ka leƙa ta. Wurin ajiya ya zama busasshe mai kulle inda yara basa kaiwa, kar ka barta cikin jakar fata ko akwati mai soso na dogon lokaci don suna riƙe danshi, kar ka toshe bakin da tsumma. Albarushi a gwangwaninsa na asali nesa da zafi, hula da firaima a wani wurin daban. In ka shigo da ita daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi zata yi gumi ciki da waje, ka bari ta ɗauki ɗumin ɗakin ka goge.

Ranar da zaka sake fita da ita, ka auna da sanda ka tabbatar wayam take, ka goge man ciki da tsumma mai sifirit sannan busasshe, ka fasa hula biyu ko uku ba albarushi bakin yana kallon ƙasa saitin ganye ko ƙura, in kaga ganyen ya motsa hanyar wuta a buɗe take. A wurin harbi in kaji ɗuri ya fara tauri ka bi bututun da tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya da busasshe sau ɗaya, don toka in ta taru tana tsayar da harsashi a rabin hanya, kuma harsashin da bai zauna a kan albarushi ba in aka harba kumbura bututu yake yi ko ya fasa shi. Alamar nan ta jikin sanda ita zata nuna maka ko ya kai.

In kuma bindigar ta riga tayi tsatsa, ka wanke da ruwa tukunna don gishirin ya fita, ka jiƙa cikin da mai ya kwana, sannan ka naɗa soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 a ƙaramin kan goga da mai ka riƙa bi kana canzawa har jan ya daina fita, ka goge ɓurɓushin tas. Ka jefa ’yar ƙaramar tocila ciki ka leƙa. Ƙananan ramuka marasa zurfi bindiga tana harbi da su, sai dai zata riƙa kama toka da wuri kuma wankinta zai fi cin lokaci. Amma in tsumma yana tafiya da tauri sai kaji ya saki a wani wuri ya sake kamawa to bututun ya kumbura a nan, ko kaga ramuka masu zurfi kusa da gindi, ko zaren nono ya ci yana girgiɗi, wannan ka daina ɗura ta ka kaiwa mai gyaran bindiga ya duba. Tsohuwar da ka gada ko ka saya hannu kuwa ka fara auna ta da sanda kafin komai, da yawansu da ɗuri aka jingine su kuma baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana tashi ko bayan shekara ɗari.